Kwarkwaron Mama Juliana

Idan ka shigo unguwar Romi a Kaduna ka tambayi gidan Mama Juliana, duk wanda ya haura shekara ashirin zai nuna maka kafin ka rufe baki. Ƙananan yara kuwa sai ka ce musu makarantar Madam Esther, sannan su gane. Gida ɗaya ne. Ni ce Esther, Mama Juliana ita ta haife ni. Yadda aka yi sunana ya danne nata a bangon gidan nan shi ne abin da nake so in faɗa, ko Allah zai sa ya sauka daga ƙirjina.

Mama ta zo Kaduna daga ƙauyenmu na wajen Zonkwa tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin ƙarfe guda da sunan wani kawunta a Kakuri rubuce a takarda. Lokacin masaƙu suna kan ganiyarsu. Ta kan ce in aka busa jiniyar tashi, kekuna kan cika titi har ba inda za ka aza ƙafa. Ta samu aiki a ɓangaren kaɗi, inda inji ke naɗe zare a jikin kwarkwaro. Shekara ashirin da biyu ta yi tana tsaye gaban injin nan, ƙurar auduga na shiga mata hanci, ƙara na cin kunnenta, har na hagu ya yi nauyi. A can ta haɗu da babana Benson, wanda ya rasu ina aji uku a firamare. A can kuma ta yi ƙawar da ba ta taɓa yin irinta ba, Saratu 'yar Tudun Wada, wadda injinta ke fuskantar na Mama. Saboda ƙarar injuna ba sa jin juna, sai suka koyi hira da ido da hannu. Har yau in sun haɗu rabin hirarsu ba a jin ta.

Kwarkwaron masaƙa ba irin na tela ba ne. Na kwali ne mai tauri kamar itace, tsawonsa ya kai tafin hannu da rabi, faɗi a gindi, siriri a kai, cikinsa rami. A bakin kowanne akwai zoben fenti da ke nuna kaurin zaren da aka naɗa masa. Na injin Mama kore ne da shuɗi. Na injin Saratu ja.

Ranar da aka rufe masaƙar, ina aji uku a sakandare. Mutane suka fito, wasu na kuka, wasu na zagi, wasu sun yi shiru kamar an dawo daga jana'iza. Mama da Saratu suka zagaya bayan rumfa inda ake zubar da kwarkwaron da zare ya ƙare a jikinsu, kowacce ta tsinci na injinta. Mama ta cika buhu biyu, ta ɗora a bayan acaɓa, ta zauna a kansu har Romi. Maƙwabta suka yi ta dariya. Shekara ashirin da biyu, ga abin da aka dawo da shi, shara buhu biyu.

"Me za ki yi da su?" na tambaye ta. Ni ma kunya nake ji.

"Ban sani ba tukuna," in ji ta. Ta jingine su a kusurwar baranda.

Daga nan ta koma ɓare agushi tana sayarwa a gida. Da yake kullum tana nan, matan layinmu masu zuwa kasuwar Sabo da masu zuwa ofis suka fara aje mata yara. Yau biyu, gobe huɗu, kafin shekara ta zagayo sun kai goma sha biyar. Ba allo, ba benci, ba bulala. Tsakar gida ce kawai mai yashi, da bishiyar gwaiba, da Mama a kan kujera 'yar tsugunno, faranti a cinya.

Wata yarinya mai ƙiriniya, Becky, ita ta fara kwance bakin buhun. Ta ja shi ya kife, kwarkwaro suka watse ko'ina. Na tashi zan make ta, Mama ta ɗaga mini hannu. Yaran suka yi cirko-cirko, sannan wani ya ɗauki ɗaya ya kafa a baki ya yi ihu a ciki, wata ta leƙa ta ramin tana kallon kaza, Becky kuma ta fara ɗura yashi ta sama tana kallon yadda yake zuba ta ƙasa. Ranar nan ba wanda ya yi kukan uwarsa.

Tun daga lokacin aka samu al'ada. Kowace safiya Mama za ta zazzage buhu guda a tsakar gida, ta koma kujerarta, ta ce, "To, yau su mene ne?"

Yaran ne ke yanke hukunci. Wata rana shanu ne, a yi musu garke da tsakuwa. Wata rana fasinjoji ne a tashar unguwar Television, ana jera su ana kiran Barnawa, Barnawa, saura mutum ɗaya. Ran Litinin yawanci 'yan kwaya ne, mawaƙan coci, masu kore a gaba, masu shuɗi a baya, wani ya tsaya yana kaɗa musu hannu da tsinken tsintsiya. Ita Mama ba ta gini, ba ta gyara, ba ta ce ga yadda ake yi. Tambaya kawai take jefawa tana ɓarar agushinta. Shanun wa suka fi yawa? Ta yaya ka sani? In mota ta cika, sauran fa? Ƙirga ma ta hanyar faɗa yake shigowa. In biyu suka kama rigima wannan ya fi ni, sai ta ce su jera nasu kusa da juna su gani. Na ga yarinya 'yar shekara uku ta gano da kanta cewa nata ya fi da biyu, ta ɗauki ɗaya ta miƙa wa ɗan'uwanta, ta tsaya tana mamakin yadda suka zo daidai.

Da yamma in iyaye sun zo ɗauka, takan ce musu kada su share duk abin da yaro ya tara a gida. Murfin kwalba, ƙwallon mangwaro, gwangwanin madara, a bar masa kusurwa guda. "Kada ki tambaye shi me ya koya," takan ce. "Ki tambaye shi me yake yi, sai ki yi shiru."

Akwai wani yaro Kevin, ɗan shekara huɗu, wanda ya dage sai ya gina gadar Kaduna. Ya samo wani guntun katako, ya kafa kwarkwaro biyu, sai dai ya kafa su a kan tsininsu. Da ya ɗora katakon sai su faɗi. Ya sake, suka faɗi. Ina hutu a gida lokacin, ina wanki a gefe, abin yana cin raina. A karo na biyar na share hannu na je na kama hannunsa zan juya masa.

"Esther, saki," in ji Mama. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mama, kuka zai yi."

"Ya yi. Ba na sa hannu a ginin yaro."

Ya yi kukan kuwa, har da shure-shure. Sannan ya share majina da hannun riga, ya zauna yana kallon kwarkwaron kamar sun yi masa rashin kunya. Can sai ya juya ɗaya, faɗin ya koma ƙasa. Ya juya ɗayan. Gada ta tsaya. Sauran ranar ya ƙare ta yana zagayawa yana koya wa kowa, har da ni. Kevin yanzu ya fi ni tsawo, in ya gan ni a hanya har yau Anti yake ce mini, ba Madam ba.

Da agushin nan da renon nan Mama ta kai ni kwalejin ilimi. Na fito da satifiket, na dawo Romi da kai a sama. A gaskiya na karanta abubuwa game da wasan yara a kwaleji, na ma rubuta su a jarrabawa na ci. Amma a raina wasan da littafi ke nufi shi ne na kayan roba masu sheƙi irin na makarantun masu hali, ba sharar masaƙa a cikin yashi ba. Na ce wa Mama lokaci ya yi da za mu mai da wurin nan makaranta ta gaske. Ta ce to. Na sa aka yi azuzuwa uku a gefen tsakar gida, aka sare gwaibar. Ta ce to. Aka ɗinka yunifom, aka kawo benci, na ɗauki antoci biyu masu koyarwa, aka rubuta sunana a bango da fenti. Duk ta ce to.

Wanda bai riƙe makarantar nazare a garin nan ba, ba zai gane abin da iyaye ke so ba. Rubutu suke so. Yaro ko bai daina fitsarin wando ba, so suke ya dawo gida da littafi cike da ɗaya zuwa ɗari. Yadda ake yi kuwa kowa ya sani, ba mai faɗa ne kawai. Anti ta zauna bayan yaro, ta dunƙule hannunsa cikin nata da fensir, ta rubuta shafi guda yana kallon taga, ta sa masa jan maki da tauraro, ta ja na gaba. Uwa ta buɗe jaka da yamma ta ji daɗi, ta nuna wa maƙwabciya. Ni ma haka na koya wa antocina, kuma makaranta ta cika.

Mama kuwa, na ba ta ajin 'yan shekara biyu zuwa uku. Sati uku ba a yi ba wata uwa ta shigo ofis ɗina, littafi a hannu, tana huci.

"Madam, abeg, don Allah duba nan. Fari fat! In ban da wannan zanen kaza ba komai. Ɗan maƙwabciyata sa'ansa ne, a makarantarsu har ya kai hamsin. Wasa na kawo shi yi?"

Na ba ta haƙuri, na raka ta har ƙofa. Sannan na wuce ajin Mama. Na tarar an ture benci gefe, yara na ƙasa, kwarkwaro ko'ina, wai asibiti ake yi, an kwantar da marasa lafiya a jere an rufa musu hankici.

"Mama, me ya sa ba kya sa su rubutu?"

"Ga fensir can, ga takarda. Mai so yana ɗauka."

"Ba haka ake yi ba. Kama musu hannu za ki yi."

"Hamsin ɗin da ake faɗa, wa ya rubuta, yaron ko antinsa?"

Sai na ɗaga murya. Na ce mata nan makaranta ce ba gidan reno ba, kuma ni na karanci aikin nan. A gaban yara na faɗa, da antoci biyu suna leƙowa. Ta dube ni, ta juyo mini da kunnenta mai ji, kamar tana so ta tabbatar daga bakina maganar ta fito. Ta koma wurin yaranta. Amma hannun yaro ko ɗaya ba ta kama ba, ranar ko bayanta.

Ana haka aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo ran Laraba, kafin a ba mu rajista. Na shiga gyara kamar za a kawo amarya. Duk inda na juya sai idona ya faɗa kan buhunan nan biyu a baranda, sun yi baƙi, kwarkwaron ciki duk sun sha hannu da miyau da yashi. Na ga kamar da baƙin sun gan su za su san daga inda muka fito.

Ran Talata da la'asar Mama ta tafi taron zumuntar mata a coci. Na jawo buhunan, na sa a baro, na tura da kaina har layi na biyu, wurin Anti Charity mai ƙosai. Da gangan na tsallake mai ƙosan layinmu, don a wurinta Mama ke saye. Anti Charity ta ɗauki ɗaya ta jinjina, ta jefa a murhu. Ya kama nan take.

"Kai, Madam, Allah ya yi miki albarka. Wannan ai ya fi gawayi."

Na tsaya na ga na farko ya cinye. Mai zoben kore ne. Na juya na tura barona na koma gida.

Da Mama ta dawo, ba ta ko aje littafin waƙoƙinta ba ta tsaya tana kallon kusurwar da na share tas.

"Ina kayan yara?"

"Na sa su a sito, Mama. Sai an gama duba makaranta."

Ta kalli ƙofar siton, da sabon kwaɗo a jiki. Ta ce, "To."

Masu dubawa suka zo washegari, mutum biyu. Suka leƙa banɗaki, suka ƙirga tagogi, suka sha lemo, suka tafi. Ko kallon baranda ba su yi ba. Da buhunan suna nan, da ƙila ɗayansu ya jingina lemarsa a jiki.

Bayan sati guda Mama ta tambaye ni makullin sito. Na ce sai an gama jarrabawa. Bayan jarrabawa ta sake tambaya, na ce ɓeraye sun yi yawa a ciki, na zuba magani. Ba ta ƙara tambaya ba. Zango na gaba na ba wata anti ajinta, na ce Mama ta huta, ta riƙa tsayawa a ƙofa tana karɓar yara da safe. Ta tsaya a ƙofar shekara uku, tana goge hanci, tana gyara igiyar takalmi. Wata ƙaramar yarinya, Debby, wadda ta yi ajinta, ta yi kusan wata guda kullum tana jan zanenta tana cewa, "Kaka, yau su mene ne?" Ina ji daga ofis. Nakan tashi in rufe taga. Daga baya na ɗauki maigadi, Mama ta koma ɗaki da agushinta.

Shekara tara makullin nan yana cikin jakata. Ba komai a siton sai karyayyun benci da gwangwanayen fenti, amma ban taɓa buɗe shi tana gida ba. Sau da yawa na shirya faɗa mata. Na shirya ran Kirsimeti, na shirya ranar da na haifi 'yata ta fari ta zo tana yi mini wanka, na shirya a coci duk lokacin da aka yi wa'azin gaskiya. Kullum sai in ce ai ta manta, tayar da maganar zai fi yi mata ciwo. Ƙarya nake, kaina nake tausayi. Ta ciyar da ni da abin nan, ta yi mini karatu da shi, ni kuma na kai shi murhu don kada baƙi biyu su raina ni.

Bara da damina tana shanya a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tashi, amma hannun dama da ƙafar dama sun ƙi, magana kuma sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu, tana jan su. Bayan an sallame mu muka samu wani mai gashin ƙashi, Malam Harrison, yana zuwa gida Talata da Juma'a. Mutum ne mai haƙuri da barkwanci, yana kiranta Mama yana tsokanarta wai rowar hannu take yi masa.

Wata Talata ya ce lokaci ya yi da za ta fara kama abu da kanta tana ɗorawa kan wani. Ya ce a asibiti akwai abin da suke amfani da shi, ya ciro waya ya nuna mana hoto. Na leƙa. Wasu abubuwa ne na roba, faɗi a gindi, siriri a kai, an jera wani cikin wani.

"Ko wani abu mai kama da wannan in kuna da shi a gida, ya isa," in ji shi.

Mama ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ɗago hannun hagu, ta nuna ta taga, ta kalle ni.

"Si...to," ta ce.

"A'a, kuna da su ma? Madalla!" in ji Malam Harrison. "Madam, a fito da su kafin Juma'a."

Na ce to. Me zan ce?

Washegari na bar makaranta a hannun antoci, na hau keke napep na haye gada zuwa Tudun Wada. Na samu Mama Saratu a tsakar gidanta tana tsince shinkafa. Ta zo duba Mama sau biyu a asibiti, don haka da ta gan ni ita kaɗai sai ta dafe ƙirji. Na ce lafiya lau, sauƙi na samuwa. Bayan gaisuwa na tambaye ta ko tana da sauran kwarkwaron masaƙa.

"Jikoki sun gama da su, sai 'yan kaɗan. Ina na Juliana? Ai buhu biyu ta ɗauka, ni ɗaya."

"Gara ta cinye su, Mama."

Ta aje farantin. Ta dube ni irin kallon da suka koya a gaban inji, wanda ba ya buƙatar magana.

"Esther 'yata, Juliana ba ta barin abinta wa gara."

Na sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki ta yi ta jan kaya a ƙarƙashin gado, ta fito da tara a leda. Duk masu jan zobe. Na gani sarai, na kuma san abin da launin ke nufi, amma na ce wa kaina ciwon ya taɓa mata tunani, ba za ta lura ba. Har wannan ma na yi fata, Allah ya yafe mini, na yi fatan ciwon uwata ya rufa mini asiri.

Ran Juma'a da safe, kafin Malam Harrison ya iso, na je sito na buɗe kwaɗon da ƙarfi don ta ji daga ɗaki. Na ja benci, na buga gwangwani. Na fito da kwarkwaron daga jakata, na shafa musu ƙurar sito da hannuna. Sannan na jera su a faranti na kai mata inda take zaune bakin gado, na ɗora a cinyarta.

"Ga su, Mama. Sauran sun lalace, waɗannan ne masu kyau."

Ta ɗauki ɗaya da hannun hagu. Ta juya shi, ta shafa zoben da babban yatsa.

"Na... Saratu," ta ce.

Na buɗe baki zan ce ai sun gauraya tun ranar da kuka kwaso. Maganar har ta zo kan harshena, a shirye. Sai na ga ta juyo mini da kunnenta mai ji, kamar ranar nan a aji. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Mama, babu su. Tun ranar babu su. Ban taɓa sa su a sito ba, na kai su..."

"Charity," ta ce.

Na ɗago.

Ta ja numfashi, ta fara tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya, bakinta na karkacewa. "Sati... biyu. Tana... suya. Na gani." Ta huta. "Na saya. Na... ci."

Ashe ta layin take bi in za ta coci. Ashe ta tsaya a gaban murhun nan, ta ga masu kore da masu shuɗi suna ci da wuta, ta miƙa hannu aka ƙulla mata ƙosai, ta dawo gida ta tambaye ni makullin sito. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi ba ranar da ta faɗi.

"Me ya sa ba ki ce komai ba, Mama? Shekara tara! Ko zagina ki yi, ko mari."

"Ginin...ki ne," ta ce.

"To ran Talata fa? Kin san babu, me ya sa kika nuna sito?"

Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan motsa. "In ga... me za ki yi."

Daga ajin da ke jikin ɗakinta muna jiyo muryar anti tana cewa na gaba ya zo, ya kawo hannunsa. Ban canza makarantar ba tukuna, kada in yi wata ƙaryar. Iyaye na nan suna son ɗaya zuwa ɗari, ni kuma ina nan ina tsoronsu. Abin da na iya yi daga baya bai wuce fitar da benci daga ajin ƙanana ba, da zuba yashi tifa guda a inda gwaiba take da.

Mama ta kafa kwarkwaro ɗaya a farantin, faɗin a ƙasa. Ta ɗauko hannun damanta da na hagu, ta aza shi a kan wani. Yatsun suka yi ta rawa kafin su rufe. Ta ɗaga shi kaɗan, ya suɓuce. Ta sake, ya suɓuce. A karo na uku hannuna ya tafi da kansa, ya kama nata.

"Saki," ta ce. Wannan kalmar ta fito garau, ba ja ba karkata.

Na saki. Na mai da hannuwana baya na riƙe su kamar 'yar firamare. Ban ƙirga sau nawa ya faɗi ba. Zufa ta keto mata a goshi, ni kuma ina cizon leɓe. Can dai ya hau, ya zauna a kan ɗan'uwansa a karkace. Ta jingina da bango tana haki, tana kallonsu, guda biyu a haɗe da bakwai a warwatse.

Sannan ta turo farantin gabana da hannun hagu.

"To," ta ce. "Yau... su mene ne?"

Na dubi kwarkwaron nan tara masu jan baki, da ƙurar da na shafa musu da hannuna. Na nemi abin da ɗan shekara uku zai faɗa ba tare da ya yi tunani ba, na rasa. Ita kuwa ta gyara zama, ta juyo mini da kunnenta mai ji, tana jira.